Sikeli Kafin Guduma: Sharhi a kan Zaɓen Kayan Aikin Maƙerin Fari a Birnin Kebbi da Argungu

1.0 Gabatarwa



Abin da ya jawo wannan takarda ƙaramin al'amari ne na cikin gida. Wata gwaggona da ke zaune a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi ta kai tsofaffin 'yan kunnenta da wata sarƙa da ta tsinke wurin wani maƙerin fari, domin a narke a sake mata ƙira. Da aka kawo mata kayan sai ta ce hannunta ya gaya mata sun rage nauyi. Maƙerin ya rantse bai ci ko ƙwayar zarra ba, ni kuwa na gaskata shi. Da na je rumfarsa na tarar da guduma iri-iri, har da injin goge kaya mai aiki da lantarki, amma sikelinsa ba ya ganin abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na giram, ba shi da dutsen awo da zai jarraba sikelin da shi, sa'an nan garin da magagari ke ci yana zuba ƙasa, almajirinsa na sharewa kowace safiya. Zinariyar gwaggo shara ta bi. Ita kuwa hulɗar da ke tsakaninsu ta shekara da shekaru, daga ranar ta yanke.

Manufata ita ce in yi sharhi a kan ma'aunin da muke auna kayan aikin maƙerin fari da shi, domin a nawa ganin ma'aunin nan karkatacce ne. Kamar yadda aka sani, Bahaushe ya raba ƙira gida biyu: ƙirar baƙi, mai samar da fartanya da gatari da mashi, da ƙirar fari, ko hwari a bakin Kabawa da Sakkwatawa, mai sarrafa azurfa da zinariya da tagulla zuwa zobe da munduwa da awarwaro da 'yan kunne da adon kayan doki. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, sunan unguwar Maƙerar Gandu kaɗai ya isa shaida.

2.0 Ra'ayoyi Biyu da Suka Mamaye Fagen

Duk wanda ya nemi abin karantawa a kan wannan fanni zai ga ƙirar baƙi ta fi samun gata. Littafin Philip Jaggar a kan maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994, aiki ne mai inganci, amma baƙin ƙarfe ne jigonsa. Haka nan binciken Nicole Echard a ƙasar Adar ta Nijar. Baje kolin fasahar Hausawa da David Heathcote ya shirya a London a 1976 ya sa duniya ta ga kyan abin da hannun Bahaushe ke fitarwa, sai dai mai kallon zobe cikin akwatin gilashi ba ya sanin irin wutar da ta narka shi, balle ya san ko an tauye mai shi. Saboda wannan giɓi, magana a kan kayan aikin maƙerin fari ta faɗa hannun mutane iri biyu.

Na farko su ne masu kishin al'ada. A wurinsu zugazugi da masaba da awartaki da uwar maƙera gado ne, duk abin da ya shigo daga baya kuwa gurɓatawa ne. Ina girmama niyyarsu. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohon ginin fada ne kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, ya nuna amfanin adana kayan kakanni. To amma adanawa daban, zaɓa wa mai neman abinci daban.

Na biyu su ne masu shirye-shiryen koyar da sana'a, waɗanda a ƙarshen horo sukan miƙa wa yaro akwati. Na buɗe irin wannan akwati na duba. Filaya kala-kala ce a ciki, da ƙananan magagarai masu sheƙi, da injin goge. Babu sikeli, babu dutsen gwaji, babu ko ƙyallen tare gari. Wanda ya tsara akwatin ya auna kaya da yawansu da ƙyalƙyalinsu, kuma da alama bai taɓa zama gaban wuta da dukiyar wani a hannunsa ba.

Duka ɓangarorin biyu tambaya ɗaya suke yi, watau ko kayan na da ne ko na yanzu. Tambayar da ta kamata ita ce: nawa ne na ƙarfen mai kaya ke salwanta tsakanin karɓa da mayarwa, kuma da me maƙeri zai kare kansa idan aka tuhume shi?

3.0 Abin da ya Sa Kayan Kakanni Suka Wadatar a Da

Akwai abin da masu kishin al'ada suka manta. Tsohon maƙeri bai bukaci kayan gwajin ƙarfe sosai ba domin ƙarfensa yakan zo masa a gwaje. Liyari, watau kuɗin azurfa na Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga shi, nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 833 cikin 1000 nasa azurfa ce. Mace ta kawo liyari uku a yi mata munduwa, ita da maƙeri duk sun san abin da ya shiga kasko. Da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara buga dala da sule da sisi da taro a 1913, su ma azurfa ce mai kashi 925. Kuɗin da kansa shi ne dutsen awo, shi ne kuma takardar shaida.

Wannan gata ya ƙare a 1920, lokacin da aka rage azurfar zuwa rabi, sa'an nan cikin shekarar aka koma buga kuɗin da gamin tagulla. Yanzu me ke zuwa gaban maƙeri? Karyayyun kayan Dubai da Makka, da tarkacen da ba a san asalinsu ba, da jabu da aka yi wa wankan zinariya, da kuma ɗanyar zinariya daga ramukan ƙasar Yawuri. Jihar Kebbi na cikin jihohin farko da aka soma shirin gwamnatin tarayya na tsara aikin ƙananan masu haƙar zinariya, shirin da a watan Yuli na 2020 ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinariya mai nauyin kilo 12.5. Wanda ya ce maƙerin da ke karɓar irin waɗannan kaya ya tsaya ga kayan aikin kakansa, ya tura shi rafi ne ba tare da gora ba.

4.0 Sikeli da Dutsen Gwaji

A nan zan daɗe, domin nan ne bakin zaren.

Zinariya mai karat 18 kashi 750 cikin 1000 ce, mai 21 kashi 875, mai 22 kuwa 916. Ke nan sarƙa mai giram 10, idan ta karat 21 ce akwai zinariya giram 8.75 a cikinta, idan ta 18 ce giram 7.5. Bambancin giram 1.25 ido ba ya ganinsa, musamman idan an yi wa kayan wanka. Ga mace kuwa wannan ba ado kaɗai ba ne. Zinariyar lefe ita ce asusunta, ita take sayarwa ranar rashin lafiya ko ranar biyan kuɗin makaranta. Da ita kuma ake lissafin zakka, wadda nisabinta miskali 20 ne, kimanin giram 85.

Sikelin aljihu mai batir ya cika kasuwa, kuma iri biyu ne: mai nuna lamba ɗaya bayan ɗigo, da mai nuna biyu. Farashinsu bai yi nisa da juna ba, amma na farko na mai sayar da turare ne, ba na maƙeri ba. Ga dalili. Akwai tsohuwar hanyar gane ƙarfe ta auna shi a sarari, sa'an nan a rataye shi da zare a auna shi cikin ruwa. Zinariya tsantsa ta fi ruwa nauyi sau 19.3, azurfa sau 10.5, gamin tagulla kuwa wajen sau 8.5. Zobe mai giram 10 na karat 22 zai rage kimanin giram 0.56 a cikin ruwa, na karat 18 kuwa kimanin 0.64. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Sikeli mai lamba ɗaya makaho ne a wannan wuri, mai lamba biyu kuwa zai yi magana. Hanyar ba ta aiki ga kaya masu rami a ciki ko masu duwatsu, wannan a kiyaye.

Sa'an nan shi kansa sikelin yana bukatar mai yi masa shari'a. Batir ya yi sanyi, awo ya kauce. Iskar fanka ko teburi mai gurgunta duk suna motsa lambar ƙarshe. Saboda haka dutsen awo na ƙarfe mai sanannen nauyi, giram 10 ko 50, wajibi ne, a ɗora shi a gaban mai kaya kafin a ɗora kayanta. Tsohon mizani mai tafi biyu, wanda 'yan zamani ke yi wa kallon kayan tarihi, yana da wata falala a nan: ana iya musanya tafukan a gaban kowa, idan yana da karkata take za ta bayyana. Ni da za a bi ta tawa, da maƙeri ya ajiye duka biyun.

Malaman fiƙihu da ke cikin wannan zaure sun fi ni sanin cewa wannan ba batun kasuwa kaɗai ba ne. A mazhabar Malikiyya ba a musayar zinariya da zinariya sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, kuma masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su idan ya salwanta a hannunsu ba tare da shaida ba, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Maƙerin da ba shi da sahihin awo ya ɗauki lamunin da ba shi da abin kare kansa a ciki.

Dutsen gwaji baƙin dutse ne mai santsi. A goga kayan a kai su bar zane, a goga allurar da aka san karat ɗinta kusa da shi, a ɗiga ruwan asid, a ga wanne ya riga gushewa. Kuskure biyu nake gani. Na ɗaya, sayen ruwan ba tare da allurai ba, alhali hukuncin na kwatanci ne, kuma ruwan yana rage ƙarfi idan ya daɗe, balle a zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi da ke haura digiri 40. Na biyu, goga bayan kayan kawai. Abin da aka yi wa wanka zai ci jarrabawar nan, sai an ɗan kankare wani lungu da magagari, da izinin mai shi, an gwada cikinsa. Lambar 750 ko 916 da ke jikin maɗaurin sarƙa kuwa ba hujja ba ce, kowa na iya sayen hatimin. A Ingila tun shekarar 1300 doka ta hana sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu alama, Indiya ma ta wajabta irin wannan ga zinariya a 2021. Ƙirar rumfunanmu ba ta bi ta irin wannan ofis, don haka dutsen maƙeri shi ne kotun farko da ta ƙarshe. Akwai na'ura mai karanta ƙarfe da haske, amma fatar kayan kawai take gani, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai ƙungiya.

5.0 Wuta

A batun wuta masu kishin al'ada suna da gaskiya fiye da yadda su kansu suka sani. Azurfa tana narkewa a digiri 962, zinariya a 1064, tagulla ja a 1085, kuma gawayin ƙirya da zugazugi suna kai wa nan ba tare da wahala ba. Bugu da ƙari, narkakkiyar azurfa tana shan iskar oksijin mai yawa, idan ta zo daskarewa sai ta tofar da ita, curin ya fito da ƙuraje da ramuka. Gawayin da ya lulluɓe kasko yana cinye wannan iska. Yaron da aka ba wutar gas aka raba shi da gawayi yakan yi ta mamakin abin da ya sa azurfarsa ke tsagewa a ƙarƙashin guduma. Matsalar gawayi ita ce itacen ƙirya yana ƙara nisa da gari.

Inda wutar gas ta yi zarra shi ne wajen liƙi. Haɗa ƙwayar sarƙa ko ƙafar ɗan kunne na son harshen wuta siriri da za a kai wuri ɗaya a ɗauke. A da da bututun baki da fitila ake yi, aikin da ke cin ƙirjin mutum. Ke nan narki na gawayi, liƙi na gas, ba kishiyoyi ba ne. Wadda ban yarda da ita ba ita ce wutar fetur mai famfon ƙafa, a rumfar da ke tsakiyar kasuwa.

Bari in ɗan ratse, tun da taron na masu harshe ne. Kalmar sinadari, wadda yau muke fassara duk wani haɗin kimiyya da ita, daga bakin maƙeran fari ta fito, sunan abin da suke liƙi da shi ne. Mun ari kalmar mun manta da masu ita. Zaɓen sinadarin kuwa babban al'amari ne. Dalma tana narkewa a digiri 327, saboda haka malalacin maƙeri ke son ta, amma idan aka sake kai kayan wuta sai ta ci cikin zinariya ko azurfa ta bar rami, kuma duk kaskon da ta shiga ta ɓata shi. Wani sinadarin liƙin na kanti akwai kadmiyam a ciki, hayaƙinsa yana lalata huhu da ƙoda. Ita ma ɗanyar zinariya, da yake da zaiba ake kama ta a wuraren haƙa, takan zo da sauranta, wadda ke tashi ta zama tururi marar wari idan aka narke. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata a kan zaiba a 2018, kuma ba mu manta da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba. Don haka taga da mafitar hayaƙi suna cikin kayan aiki, ko da yake ba wanda ke sa su a lissafi.

Ruwan wanke kaya bayan wuta ma haka. Ruwan batir yana da sauri, amma yana cin tufa da fata da ido. Alif da aka dafa, ko lemun tsami da gishiri, suna biyan bukata in an yi haƙuri. Kowanne aka zaɓa, kada a tsoma awartakin baƙin ƙarfe a ciki, domin yana sa jan tagulla ya hau kan azurfa. Hantsakin tagulla ko na itace ake so.

6.0 Guduma, Magagari da Sauransu

Waɗannan su ne aka fi yawan surutu a kansu, ni kuwa zan taƙaita. Guduma da uwar maƙera fuskarsu ake dubawa, domin duk tabon da ke jikinsu sai ya fito a kan azurfa. Guntun ƙarfen dogo da aka goge sosai ya fi uwar maƙerar kanti ta zubi, mai fashewa a baki. Dogo bai iso Kabi ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, amma gatarin babbar mota ma yana yi. Kurfi da madoshi kuwa maƙerin baƙi na unguwa zai fitar da su daga mataccen magagari ko sifirin ɗin mota, kuma idan sun dakushe shi zai gyara. A nan sayen na waje asarar kuɗi ce.

Magagari da zarto ne ba a yi musu rowa. Ƙarfensu da yankan haƙoransu sun fi ƙarfin ƙirar gida. Magagari biyu na ƙwarai, irin na Vallorbe ta ƙasar Suwizalan, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, sun fi dozin na cikin akwatin da na ambata, waɗanda haƙoransu ke zubewa su gauraya da garin zinariya. Ƙa'idar bakin zarto ita ce haƙora uku su hau kaurin abin da ake yanka. Farantin jan waya a ɗaga shi a rana a leƙa hudojinsa, in akwai mai kaushi zai yi wa waya zane tun daga farko har ƙarshe. Injin murza ƙarfe yana rage wahalar kwana guda zuwa sa'a guda, amma raɓar fadamar Rima da damina tana sa masa tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana cin sandunansa, sai da mai da mayafi. Mutum uku su haɗa kuɗi su sayi ɗaya mai kyau ya fi kowa ya sayi nasa na banza. Injin goge, wanda shi ne abin alfaharin kowace rumfa, a ƙarshen layi na sa shi: yana jiran wutar lantarki, kuma duk sheƙin da ya bayar, ƙarfen mai kaya ya kankare ya watsa a iska.

7.0 Garin da ke Zuba

Na dawo kan gwaggo. Maƙerinmu a ƙasa yake zama bisa buzu ko tabarma, masu koyarwa kuwa sun nace sai ya hau teburi irin na Turai. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, amfanin teburin nan ba tsayinsa ba ne, fatar da ke rataye a ƙarƙashinsa ce, mai tare duk abin da zarto da magagari suka ci. Na ga tebura da kafinta ya kwaikwaya daga hoto, an yi musu yankan rabin da'ira daidai, an manta da fatar. Mai zama a ƙasa da jemammiyar fatar akuya a cinyarsa ya fi mai irin wannan teburi tsare amana.

Malaman Malikiyya sun san darajar wannan gari, har suka hana cinikin ƙasar rumfar maƙeran zinariya saboda ba a san adadin abin da ke cikinta ba. Kayan tattara shi ba su da tsada: fata, da ɗan buroshi, da maganaɗisu na zare ɓarɓashin baƙin ƙarfe, da kwalba daban ga kowane karat, da bokitin wanke hannu da ake bari ya kwanta kafin a zubar. Ko an yi duk wannan, wuta da magagari sai sun ci wani abu. Saboda haka sai a ƙara da littafi da alƙalami: a rubuta nauyi da karat ranar karɓa, a faɗa wa mai kaya ragin da ake tsammani tun kafin a hura wuta, ta yarda ko ta ɗauki kayanta.

Na koma rumfar maƙerin nan da dutsen awo na giram 10 a aljihuna. Da muka ɗora, sikelinsa ya nuna 10.2. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shekara nawa ke nan yana saye da sayarwa da shi, bai san wa ya ci ba, bai san wa ya cinye shi ba. Ya aika almajirinsa gidan majemi ya sayo fata.